Fom Ɗin Da Aka Cike Da Fensir

Safiyya, labarin nan kin sha jin sa a bakin Kawu Sale duk ranar da aka taru a Gammo, kuma kowace shekara sai ya ƙara masa gishiri. A nasa faɗin, wai na shiga ofis ina kuka, kakarki ta ji tausayina ta saka sunana ta bayan fage. Ban yi kuka ba, ba kuma a saka ni ta bayan fage ba. Shi Kawu ranar yana kasuwar Kabo wajen awaki. Ni ce nake wurin, kuma ko da yake ban iya magana ba a lokacin, ba na manta abin da idona ya gani. Shi ya sa na ce bari in rubuta miki shi yadda ya faru, ki ajiye.

Ni ce 'yar fari a wurin iyayena. Ana yaye ni aka kai ni Gammo wurin Inna, mahaifiyar babana, a can na tashi. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta bari a ga ta damu da shi a gaban mutane. Ba ƙi ba ne, kunya ce da muka gada tun kakanninmu suna bin shanu. Ni ma ban taɓa ce mata Umma ba. Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannen babana suna faɗa. Idan ta zo Gammo gaisuwa sai in sulale bayan gida wurin turke, in zauna a kan tsohon turmi ina kallon shanu har ta tafi. Ban da ranar zuwanta ma can ne wurin zamana. Shanu ba sa tambayar mutum me ya sa ya yi shiru. A nan na koyi cewa saniyar da za ta kwanta ciwo jibi, yau take fara nunawa: ta rage tuƙa, ta tsaya gefe guda, kunne ɗaya ya ɗan sunkuya. Sau da yawa nakan ja bakin zanen Inna in nuna mata da yatsa, ita kuma ta kira Kawu Sale ta ce masa ya duba, ya ce ƙalau take, bayan kwana biyu ya dawo yana sosa ƙeya.

Da na gama sakandare na sami gurbi a kwalejin horar da malamai da ke kusa da Gwarzo, sashen aikin gona. Ranar da takardar ta zo na karanta ta ya fi sau ashirin, har na haddace inda tawada ta ɗan zarme a kan harafin farko na sunana. Abu ɗaya ne kowa a gida ya sani amma ba wanda ya faɗa: a sashen nan Adda take koyarwa, darasin ƙasa da taki, ana kiranta Malama Hajara. Aka ɗaure min kaya na koma gidan iyayena a Gwarzo, muka zama ni da ita ƙarƙashin rufi ɗaya karo na farko tun ina goye. Sai muka ƙirƙiro hanyar magana. Takan tsaya a tsakar gida ta fuskanci igiyar shanya ta ce:

"A gaya wa masu makaranta koko na hucewa."

Ni kuma in fuskanci murhu in ce, "An gode."

Takan fita da minti goma kafin ni. A kwaleji idan muka haɗu a baranda, in durƙusa kamar kowace ɗaliba, ta amsa kamar yadda take amsa wa kowa. Amma na lura da abu ɗaya: duk lokacin da kunya ta kama ta, sai ta kai hannu ta gyara mayafinta a kafaɗar hagu, ko da bai zame ba. Ba wanda ya san ni 'yarta ce sai Rabi, 'yar Madadi, wadda muke zama benci ɗaya. Rabi ita ce bakina a kwalejin nan. Ita ke tambaya a aji, ita ke ciniki wurin mai awara. Sati uku da fara karatu ta dube ni ta ce:

"Ke, yi dariya in gani."

Na ƙi. Ta yi min cakulkuli har na yi.

"Na rantse wushiryar Malama Hajara ce. Kin ɗauko ta ko kin ara?"

A ƙarshen zangon farko, lokacin da mangwaron bayan ɗakin karatu ya fara nuna, aka buɗe rajistar kwasa-kwasan zango na gaba. Aka raba mana ɗan littafi mai koren bango da ke ɗauke da sunan kowane kwas da abin da ake koya a cikinsa. Ban san yadda zan gaya miki daɗin da na ji ba. Tun da nake, ba a taɓa miƙo min abu aka ce in zaɓa ba. Atamfar Sallah ma Inna ke zaɓa. Na zauna ƙarƙashin mangwaro ina buɗa shafi ɗaya bayan ɗaya, ina shinshina ƙamshin sabuwar takarda. A shafi na tara na tsaya. Lafiyar Dabbobi A Aikace. Kowace Laraba motar kwaleji za ta kwashi ɗalibai zuwa garken mutane a ƙauyuka da kuma kara, wato kasuwar dabbobi, tare da likitan dabbobi, su ga ciwo da idonsu su taɓa da hannunsu. Na rufe littafin na danne shi a ƙirjina. Ashe abin da nake yi a kan turmi a Gammo yana da suna, har ana ba da maki a kansa.

Sai dai motar kujera goma sha huɗu gare ta, don haka mutum goma sha huɗu kawai za a ɗauka. Ƙa'idar kuwa ita ce: kowane ɗalibi an ba shi malamin shawara. Sai ka je ka zauna da shi, ka gaya masa abin da kake so, ya yi maka tambayoyi, ya rubuta sunanka da hannunsa a ƙasan fom ya sa hannu. Daga nan ka kai wa Malam Garba, sakataren sashe, shi kuma ya rubuta ka a takardar da ke manne a allon sanarwa. Wanda ya riga, shi ya samu. Za a rufe ranar Juma'a da ƙarfe goma sha biyu. Ranar Litinin aka kafe sunayen malaman shawara. Na bi layi da yatsa har na iso sunana, na ɗaga ido in ga ƙarƙashin wa nake. Malama Hajara. Rabi da ke leƙowa ta kafaɗata ta yi dariya har ta dafa bango.

"Shi ke nan, sai ku kafa igiyar shanya a ofis, ke ki yi wa murhu bayani."

Ni abin bai ba ni dariya ba. Na ja ta muka je wurin Malam Tukur, mai koyar da kiwon kaji, wanda kowa ya san shi da sauƙin kai. Rabi ta yi masa bayani ina tsaye a bayanta. Ya saurara yana ɓare gyaɗa.

"'Yata, kowa da garkensa aka ba shi. In na sa hannu a naki, Malam Garba zai dawo da shi. Ki je wurin malamarki, ai ba ta cizo."

Ranar Talata sunaye biyar suka hau takardar allo. Ranar Laraba da hantsi sun zama takwas. Kowane suna na san rubutunsa, na san inda biron Malam Garba ya fara ƙarewa ya sake wani. Da azahar sai ga Rabi da fom a naɗe.

"Malama ta tare ni a baranda ta ce, 'Ki kai wa ƙawarki.' Ko kallona ba ta yi ba."

Na warware. An cike min komai da fensir, da rubutun nan nata mai tsaye kamar shukar layi. Sai in bi da biro, in mayar ta sa hannu, ba sai an yi magana ba. Ta sama mana mafita, mafita mai kyau. Amma a gurbin zaɓi, kwas ɗin lambu da noman rani ta yi wa alama. Na daɗe ina kallon takardar. Sannan na ga wani abu: a cikin ninkin akwai ɓurɓushin abin goge fensir. Na ɗaga fom ɗin saitin taga. A gaban Lafiyar Dabbobi takardar ta ɗan yi laushi, kuma ga sawun alama nan da aka danna sosai sannan aka goge. Wato nan ta fara zaɓa min. Ta sani. Ban san yadda aka yi ta sani ba, tunda ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ta sani, sannan ta goge.

Da yamma na ari wayar babana na kira Inna. Ita kaɗai nake iya yi wa doguwar magana. Ta ji ni har na gama.

"Abin da ta rubuta ki bi," in ji Inna. "Ke yanzu sai ki je ki tsaya gaban uwarki ki buɗe baki kina ciniki da ita? A ina kika ga an yi?"

"To, Inna."

Ina jin kukan zabi a bayanta.

"Saniyar nan Kyalla kuma tun jiya ta ƙi dusa," ta ce. "Sale ya ce ƙalau take. Da kina nan da kin duba min."

Ranar Alhamis na shiga layin ofishin Adda da fom a hannu. Duk wanda ya zo bayana sai in ce masa ya wuce, ina jiran ƙawata. Mutum tara na bari suka wuce ni. Ina jin ta daga ciki tana kiran kowa da cikakken sunansa daga takarda, suna shiga suna fitowa. Aka tashi ban shiga ba. Na bi ta allo: sunaye sun zama sha ɗaya. A gida, bayan la'asar, tana kwashe shanya ta ce wa igiya:

"Gobe sha biyu ake rufewa. Wanda bai kawo fom ba, sai abin da ya rage a ba shi."

"An ji," na ce wa murhu.

Juma'a da safe sunaye sha uku ne. Layi ɗaya ya rage a ƙasan takardar, fari fes, kuma Malam Garba har ya rubuta lambar sha huɗu ya ɗiga mata ɗigo yana jira. Na tsaya ina kallon ɗigon nan, sai na ji ina so kamar yunwa. Rabi, wadda ta gama tata rajistar tun Talata, ta shigo layi ta tsaya daf da bayana ta buɗe hannuwa kamar mai tare awaki.

"Yau ba mai wuce ki. Ko ki shiga da ƙafarki ko in goya ki, kin san zan iya."

Layin ya yi ta jan ƙafa. Sha ɗaya da rabi ta wuce. Wanda ke gabana ya fito. Na ji takarda ta motsa a ciki, aka ɗan yi jim, sannan muryarta ta ce:

"Na gaba."

Ofishin ƙarami ne. Akwai ledojin ƙasa jere a kan kanta, kowace da sunan gonar da aka ɗebo ta, da fanka mai ƙara sau ɗaya a kowane zagaye. Na kai hannu zan turo ƙofa.

"A bar ta a buɗe," ta ce.

Na zauna a bakin kujera na ajiye fom. Idonta na kan fom, nawa na kan ledar da aka rubuta wa Madadi.

"Ai an cike. Saura a bi da biro."

Sai wata dabara ta faɗo min da ban shirya ta ba. Adda ce ba zan iya yi wa magana ba. Amma wannan da ke zaune bayan tebur, kwaleji ce ta ba ni ita, an ma kafe a allo.

"Malama," na ce, "ba lambu nake so ba."

Hannunta ya tafi kafaɗar hagu.

"Me ake so?"

"Lafiyar Dabbobi."

Ta ɗauki biro ta ajiye. Sannan ta ɗaga murya yadda na layi za su ji.

"Kujera ɗaya ta rage, kuma duk wanda na sa wa hannu a kwas ɗin nan sai da ya amsa min tambaya. Mutum ya kira ki garkensa ya ce saniyarsa ba ta da lafiya. Me za ki fara yi?"

Kira ki, ta ce. Ba irin 'a kira' ɗin nan da ta saba yi min ba. Na ji shi, amma ban tsaya a kansa ba, don tambayar ta riga ta buɗe min baki.

"Ba zan taɓa ta ba tukuna, Malama. Zan tsaya daga nesa in ga yadda take tsaye, ko ta ware daga sauran, ko tana tuƙa. In dubi hancinta ko da danshi. In dubi kashin da ta yi da safe kafin a share. In ga ko cikinta na hagu ya fi na dama tashi. Sannan in tambayi wanda ke ba ta ruwa, ba mai ita ba, don mai ita kullum cewa yake ƙalau take."

Wani a layi ya yi dariya. Ni kuwa na kasa tsayawa. Na faɗi kaska da inda take ɓuya a bayan kunne da ƙasan wutsiya. Na faɗi yadda sabuwar ciyawar farkon damina ke kumbura ciki. Na ba da labarin maraƙin Kyalla da ya ƙi shan nono, kowa ya ce na mutuwa ne, ni kuma na ga yana karkatar da kai, aka buɗe bakinsa aka sami ƙaya a dasashi. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban kowa ba, balle ita. Da na gama sai fanka kawai ake ji.

"Maraƙin da aka haifa ranar ruwan ƙanƙara," ta ce a hankali, ba don na layi ba.

Na ɗago na dube ta, karo na farko ido da ido. Ina shekara goma sha ɗaya aka yi abin nan, tana Gwarzo.

"Inna takan faɗa," ta ce. Ta sa ɗan yatsa a inda takardar ta yi laushi. "Ni na goge. Na ce kada a ce an yi son kai."

Ta ɗauki biro ta yi alama a kan tsohon sawun, ta danna. Ta gangara ƙasan fom inda ake rubuta sunan ɗalibi. Na kalli hannunta yana rubuta sunana harafi bayan harafi, a hankali kamar mai zare ƙaya, sannan ta sa hannu ta miƙo min. Na karɓa da hannu biyu na fito. Sai Rabi ta damƙe ni ta nuna can ƙarshen baranda. Malam Garba ne ya fito da hularsa ta Juma'a da dardumarsa a hammata, ya jawo ƙofa yana zura kwaɗo. Tsakaninmu ajujuwa shida ne. Rabi ta ƙwala masa kira, amma wa ke jin muryar ɗaliba a barandar da ta cika da ɗalibai? Ni kuwa na buɗe baki ba abin da ya fito. Na riga na ƙarar da maganar shekara guda a ofis.

Sai na ji ƙamshin turarenta a gefena. Adda ce ta fito bakin ƙofa, ita da ba a taɓa jin ta ƙwala wa kowa kira ba ko a aji.

"Malam Garba, dakata. Ga Maimunatu nan tafe da fom."

Ya juyo, ya zare kwaɗon. Ni kuwa na tsaya kamar an kafe ni. Shekara goma sha takwas ina jin sunan nan a bakin kowa, ban san haka yake da daɗi ba. Ta ja shi kaɗan a tsakiya, yadda mutanen Gammo ke yi. Rabi ta tura ni da gwiwar hannu.

"Ashe ta san sunanki. To yi gudu mana, ko sai ta sake?"

Na yi gudu, Safiyya. Ni da ko sauri ba na yi a gaban mutane, na tattare hijabi na keta barandar nan ina dariya, wushirya a waje. Malam Garba ya duba fom, ya duba ni, ya ciro biro daga aljihu ya rubuta ni a gaban ɗigon nan a tsaye, yana mita zai rasa sahun gaba. Laraba ta farko a sabon zango, kujerar baya ta kusa da taya ce tawa, mai zafi da jijjiga, kuma ban taɓa zama a wurin da ya fi ta daɗi ba.

Abin bai tafi a banza ba. Kafin sati kowa ya san ni 'yar wace ce, kuma abin da ta ji tsoro aka faɗa. Akwai wanda ya rasa kujerar nan da bai ƙara amsa gaisuwata ba har muka gama. Adda ta je da kanta ta roƙi a cire ta daga shawarar ajinmu, aikin da take so ƙwarai, ba ta kuma koyar da ni ko sau ɗaya ba. Inna ma labari ya riga ni isa Gammo. Na durƙusa ina gaishe ta tana tsinkar zogale ba ta ɗago ba.

"An ce a tsakiyar makaranta aka kira ki, kamar mai tallan nono."

"Haka ne, Inna."

"Allah ya kyauta." Ta karkaɗe zanenta. "Tashi ki duba min Kyalla."

Daga ranar zuwa yau Adda ba ta sake kiran sunana ba. Washegari ma igiyar shanya ta fuskanta, sai dai cewa ta yi a gaya wa likitar shanu koko na hucewa. Ni kuma da aka haife ki, ke ma 'yar fari, na ce a bar min ke a hannuna, kuma kin san sau nawa nake kiran sunanki kafin ki tashi da safe. Fom ɗin, wanda Malam Garba ya mayar min bayan ya rubuta ni, yana cikin akwatina, in kin ɗaga shi saitin taga za ki ga inda aka goge. In kuma kin je Gwarzo hutu, ki tambayi kakarki ko haka aka yi. Za ta ce miki ita ba ta tuna ba. Kada ki yi mata gardama. Ki dai kalli kafaɗarta ta hagu.